Gidan Sarkin Turai A Bangon Gabukka, Gombe Abba Kuwa Fa?

Duk wanda ya saba da cunkoson motoci na Ikko ya san 'yan tallan nan da ke ratsa tsakanin motoci ɗauke da manyan hotuna masu firam ruwan zinariya. A cikinsu akwai wani iri da ba ya kwantai, watau hoton tsohon gidan dutse na sarakunan Turai, mai hasumiya da tagogi barkatai, ga tabki a gabansa, ga itatuwa da furanni sun kewaye shi. 'Yan Arewa mazauna Kudu da yawa sun sayi irinsa. In an tashi tafiya gida hutun Salla sai a naɗe shi cikin bargo don kada gilashin ya fashe, ya kwana ya wuni a mota, daga bisani a kafa masa ƙusa a falon sabon gidan bulo a Gabukka, ko Pantami, ko Bolari, cikin garin Gombe. Maigidan bai san sunan ginin ba, bai san ƙasar da yake ba, balle wanda ya gina shi. Ya dai yi masa kyau a ido.

Babu wanda zai ga laifinsa. Kuɗinsa ne, bangonsa ne. Amma akwai abin tambaya a nan. Yaya aka yi mutumin Gombe ya samu hoton gidan sarkin wata ƙasa a bakin titi cikin sauƙi, alhali kuwa in ya kewaye kasuwannin Ikko da na Badun kaf, ya haɗa da babbar kasuwar Gombe, da wuya ya samu hoton Gombe Abba guda ɗaya da zai rataya? Amsar wannan tambaya ita ce ke bayyana dalilin da ya sa tsofaffin gine-ginen Arewa suke narkewa kowace damina ba tare da an ji ko uffan ba.

Yaran da aka haifa a Agege ko Sabon Shagamu suna iya zaton garin Gombe na yanzu shi ne Gombe tun fil azal. Ba haka ba ne. Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tutar jihadi, ya kafa hedkwatarsa ne a Gombe Abba, a bakin kogin Gongola, cikin ƙasar Dukku ta yanzu, wajen shekarun 1820. A can ya rasu cikin 1841, a can kuma kabarinsa yake. Daga wannan gari aka mulki ƙasar Gombe kimanin shekara 90. A can Sarki Muhammadu Kwairanga ya yi sarautarsa mai tsawo daga 1844 zuwa 1882. A can Turawa suka tarad da Sarki Umaru cikin 1902, shekara guda kafin yaƙin Bormi na ran 27 ga Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa. Sa'an nan Turawan, don sauƙin mulkinsu, suka ɗauke sarautar suka kai Nafada cikin 1913, ba a jima ba kuma suka sake ɗauke ta suka kai Doma cikin 1919, wurin da ya fi kusa da ƙasashen Tangale da Waja. Doma ɗin nan ita ce ta karɓe sunan Gombe. Ita ta samu injin gurzar auduga, ita jirgin ƙasa ya iso wa cikin 1963, ita ta zama babban birnin Jiha ran 1 ga Oktoba, 1996. Unguwanni irin su Gabukka duk 'ya'yan wannan bunƙasa ne. Uwar kuwa an bar ta a ƙauye shekara ɗari da 'yan kai ke nan.

Wanda bai tashi a gidan ƙasa ba zai yi wuya ya gane abin da tashin sarki daga gari ke jawo wa gini. Gidan dutse irin na Turawa yana iya zama kango shekara ɗari uku, rufi ya faɗi, amma bango na tsaye. Ginin ƙasa kuwa kamar doki yake, kullum yana bukatar mai kula da shi. Magini ya murza tubali da hannu ya shanya, ya jera, ya ɗaura bakan gizo da azarar giginya wadda gara ba ta ci, ya rufe soro, ya kafa indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango, ya ta da zankwaye a kusurwoyi. Bayan haka sai yaɓe. A shafe bangon da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuwa in gidan mai hali ne a yi masa laso, watau haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, wanda ke tsare ruwa shekaru. To, wannan yaɓen ba sau ɗaya ake yin sa ba. Kowane rani sai an duba inda ya tsage an toshe, an share indararo, an gyara rawanin soro. Muddin sarki na gari, akwai Sarkin Magina da yaransa, akwai talakawa masu kawo ƙasa da ruwa, akwai baitulmali. Ran da fada ta tashi, hannun da ke yaɓe ya tashi tare da ita. Damina biyar ko goma ta isa ta mai da zauren da aka yi shekara biyu ana ginawa ya koma tudun ƙasa, awaki na hawa.

Ba Gombe kaɗai ke da irin waɗannan gidaje na bayan gari ba. Sarakunan Kano suna da nasu tun da daɗewa, gidajen gandu da na shan iska: Fanisau, inda Baturen nan Clapperton ya iske Sarki Ibrahim Dabo cikin 1824, da Dorayi, da Nassarawa, da Takai. A ƙasar Bauchi akwai gidan Madaki na Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, kuma tun 1956 aka sa gidan cikin jerin kayan tarihin da doka ta kare. Waɗannan su ne takwarorin wancan gida na jikin firam. Bambancinsu ɗaya: na Turawa an zana shi sau dubu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Turawa tun can masu riƙon tsofaffin gidaje ne. A Ingila, bayan yaƙin duniya na farko da na biyu, harajin gado ya yi nauyi, barori sun yi tsada, 'ya'yan masu gida sun koma birni, sai aka shiga rushe manyan gidajen ƙauye ana sayar da duwatsu da katako. Cikin 1974 aka yi wani nuni a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, aka jera hotuna da sunayen gidaje fiye da 1,000 da aka rasa cikin wannan ƙarni. Mutane suka shiga suka gani da idonsu, hankalinsu ya tashi, ra'ayi ya juya. Ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa tun 1895, yanzu tana riƙe da ɗaruruwan irin waɗannan gidaje da kuɗin 'yan ƙungiya da na maziyarta. Abin lura shi ne da hoto aka ci wannan yaƙi. Gani ya kori ji. Mutumin da ya tashi yana ganin zanen gida a bangon ɗakin uwarsa, ran da ya ji za a kawo katafila a rushe gidan sai ya ji kamar nasa za a rushe.

A nan ne maganar masu zane ta shigo, kuma ya kamata a ɗan tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna ganin irin zanen ba su san yadda ake yin sa ba.

Cikin 1841 wani Ba'amurke ya ƙirƙiro hanyar ɗura fenti cikin kwanson ƙarfe mai laushi, irin na man goge baki. Wannan ɗan ƙaramin abu ya ba masu zane damar fita daga ɗaki su kafa allonsu a bakin kogi ko a gona, su zana abin da ke gabansu kafin rana ta juya. Cikin 1874 waɗansu samari suka yi nunin ayyukansu a Faris. A ciki akwai zanen Claude Monet na fitowar rana a tashar jiragen ruwa, hazo ya rufe kome, jirage sai inuwarsu. Wani ɗan jarida ya yi musu ba'a, ya ce wannan ai ba zane ba ne, kallon farko ne kawai, ya laƙa musu sunan Imfireshanis, watau masu zana abin da ido ya fara kamawa. Sunan ba'a ya bi su har yau, zanensu kuwa yanzu sai attajiran duniya ke iya saye. Abin da suka gano shi ne launin abu ba ya zama ɗaya daga safe zuwa yamma. Monet ya kama ɗaki daura da babban cocin birnin Rouen cikin 1892 da 1893, ya zana fuskar ginin nan guda ɗaya wajen sau 30, da asuba, da hantsi, da la'asar, da rana mai gajimare, kuma babu biyu da suka yi kama da juna.

Shi Monet galibi da buroshi yake aiki. Wuƙa kuwa ta samu sarkinta tun kafin su, watau Gustave Courbet. Wuƙar fenti ba ta yanka. Wani ɗan siririn ƙarfe ne mai lanƙwasa, da mariƙin katako, kamar ƙaramin cokalin magini. Asalinta don cuɗa fenti a kan allo aka yi ta, sai Courbet ya riƙa ɗebo fentin da ita yana yaɓa wa ƙyalle kai tsaye, yana dannawa, yana kankarewa, har dutse ya fito da kaushinsa na dutse. Da siyasa ta kore shi daga Faransa cikin 1873 ya koma Suwizalan, inda ya yi ta zana tsohon gidan sarauta na Chillon da ke bakin tabkin Janiba, sau da yawa, yana sayarwa yana cin abinci, har ya rasu cikin 1877. Mawaƙa da masu zane irinsa su suka sa sunan gidan ya zaga duniya, ga shi yau yana cikin wuraren tarihin da aka fi ziyarta a ƙasar. Paul Cézanne shi ma da wuƙa ya yi aikin ƙuruciyarsa, kuma ya yi shekaru yana zana gidan gonar ubansa, Jas de Bouffan, wanda uban ya saya cikin 1859 aka sayar cikin 1899. Gidan gona ne kamar sauran na yankin, amma saboda zanen ɗan maigida hukumar garin ta karɓe shi tana adanawa. Masu zanen baya su suka haɗa abu biyun, hasken Monet da wuƙar Courbet, kuma kwaikwayon wannan haɗi ne ake bugawa da inji ana tallarsa a titin Ikko.

To, ko da za a ce an ƙirƙiro wannan salo musamman don ginin Hausa da ba a yi ƙarya ba. Bangon ƙasa ba sumul yake ba. Akwai sawun yatsun magini a jikinsa, akwai gurbin da ruwa ya bi, akwai inda aka yi faci bara da inda aka yi shekaran bara, kowanne da launinsa. Buroshi mai laushi yakan shafe wannan duka ya mai da bangon kamar kwali. Wuƙa kuwa yaɓe take yi. Fentin yakan tashi tudu-tudu a kan ƙyalle har ya yi inuwar kansa, in hasken taga ya buge shi daga gefe sai ya yi daidai da yadda rana ke bugun katanga da la'asar. Hatta ƙa'idar aikin ɗaya ce da ta magina, tun ran gini ran zane: mai yi wa ƙofar gida ado da dagi a Zariya tilas ya gama tun ƙasa na ɗanye, mai wuƙar fenti shi ma in ya bari ya bushe sai dai ya kankare ya sake. Launukan kuma ba su da yawa, ja na birji, ruwan ƙasa, fari-fari na farar ƙasa, shuɗin inuwar zaure. Sa'an nan ga hazo. Monet sai da ya yi tattaki zuwa Landan don ya zana hazon kogin Tems. Mai zane a Gombe kyauta hunturu ke kawo masa nasa har ƙofar gida wata biyu ko uku kowace shekara, rana ta zama kamar faifan azurfa, kuka da giginya su tsaya kamar aljanu a bayan gari, dutsen Bima ya ɓace da safe ya dawo da yamma.

Kuma ba a rasa masu hannu ba. Makarantar zane mafi tasiri a tarihin ƙasar nan a Arewa take. A Zariya ne cikin 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suka ce za su koyi dabarun Turawa amma abin gida za su zana. Jimo Akolo, abokin karatunsu, ya yi suna da zanen mahayan Filani. Kolade Oshinowo ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ya koyar shekaru a kwalejin Yaba. Gani Odutokun ya koyar a Zariya har rasuwarsa cikin 1995, Jerry Buhari kuma ya yi shekaru da dama yana koyarwa a can. Mai karatu zai lura yawancin sunayen nan ba na 'ya'yan Kano ko Gombe ba ne. Makaranta na gida, amma baƙi suka fi shan ruwanta, domin iyaye a Arewa sun daɗe suna ganin zane wasan yara ne, ko kuwa aikin mai rubuta allon shago da bayan tirela.

Kasuwa ma akwai ta, kuma 'yan Arewa na cikinta tsundum. Duk wanda ya leƙa kasuwar kayan gargajiya ta Lekki ya san 'yan koli nawa ne a can masu jin Hausa. Cikin 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan fam miliyan 1.2. Amma in aka duba abin da ake zanawa da sunan Arewa a otal-otal da shagunan Ikko, kusan abu biyu ne: hawan daba da budurwar Filani mai ƙwaryar nono. Doki da rawani sun samu masu zana su tun bikin Festak na 1977, har hawan Kano ya shiga jerin al'adun duniya na Unesko cikin 2024. Ƙofar da dokin ya fito daga cikinta ita ce ba wanda ya waiwaya. Mai zane kuwa ɗan kasuwa ne kamar kowa, abin da ake tambaya shi yake kawowa. In dillalin wake ɗan Gabukka da ke Mile 12, da mai shanu a Oko-Oba, da ɗan canji a Sabon Badun suka fara tambayar Gombe Abba, ba za a yi wata shida ba sai an ga ɗalibai da allunansu a hanyar Dukku.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba duka ne za a yi watsi da su ba.

Na farko mai cewa addini ya hana zane. Wannan ba ya bukatar doguwar muhawara, domin saɓanin malamai a kan surar abu mai rai yake. Zanen gida da itace da dutse da kogi, jumhurun malamai ba su ga laifinsa ba. Hasali ma wanda ke ƙyamar rataya hoton mutum a ɗakinsa shi ya fi kowa dacewa da zanen zaure da ganuwa.

Na biyu mai cewa kowa na da kyamara a aljihu yanzu, me za a yi da fenti? Gaskiya ne, kuma ya kamata a ɗauki hotunan, da yawa ma. In don adana siffar gini ne, awo ya fi zane, ya fi hoto. Wani Bature ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana yawo da ɗalibansa suna auna gine-ginen ƙasar nan ɗaki-ɗaki, aka buga aikinsa littafi uku cikin 1990 bayan rasuwarsa. Albarkacin irin wannan awo ne aka iya gina kwafin masallacin Zariya a gidan tarihi na Jos, bayan an lulluɓe na asalin da ginin zamani a shekarun 1970. Sai dai littafin awo a laburare yake kwana, hoton waya kuma yakan nutse cikin dubban 'yan'uwansa, ranar da wayar ta faɗa ruwa shi ke nan. Zane kuwa a bango yake, baƙo ya shigo ya tambaya, yaro ya tashi da shi a ido, a raba gado a yi gardama a kan wanda zai ɗauka. Aikinsa dabam ne: shi ne ke sa abu ya yi daraja a idon masu shi.

Na uku ya fi nauyi. Shi ne mai cewa waɗannan gidajen gandu da guminsu wa aka gina su? Amsa ita ce da yawansu da gumin bayi, waɗanda aka kamo daga ƙasashen da yau 'yan Jiha ɗaya ne da masu sarautar. A Jihar Gombe, inda Bafilatani da Batangale da Batere da Bawaje da Babole ke zaune a ofis ɗaya, wannan ba maganar da za a share ba ce. Amma rushewar ginin ba ta biyan kowa diyya. Abin da take yi kawai shi ne ta shafe shaida. Su ma gidajen Ingila da yawansu da kuɗin rake da bayin Karebiyan aka gina su, kuma cikin 2020 ƙungiyar National Trust da kanta ta buga rahoto a kan haka, aka yi ta cece-ku-ce, amma gidajen na tsaye ana shiga ana karanta abin da ya faru. Bangon da bawa ya yaɓa aikin hannunsa ne, jikokinsa na da haƙƙi a kansa kamar jikokin wanda ya kwana a ciki. In za a zana, a zana Gombe Abba, a zana Bormi, a hau tudun Tula a zana tsohon kurkukun Turawa da ke can.

Sai na huɗu, mai cewa jama'a na fama da ruwan sha da zaizayar ƙasa da ke cinye gidaje a cikin garin Gombe, ana maganar fenti. Shi ma yana da gaskiyarsa, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗebi kuɗin rijiya a sayi ƙyalle. Kuɗin da ake magana a kansa an riga an kashe shi, yana rataye a falo, hoton gidan wani ne kawai a ciki.

Wannan ya kawo magana kan mazauna Kudu su kansu, domin akwai wani ɓangare na laifin da ba na Gwamnati ba ne. Tun da kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki cikin 1979, 'yan mil kaɗan daga filin yaƙin Bormi, siminti ya zama alamar cewa ɗa ya yi arziki. Wanda ya yi shekara goma a Ikko ko Fatakwal ko Anaca, abin da ya fara yi in Allah ya buɗa masa shi ne ya aika a rushe gidan ubansa a ta da na bulo. Niyyarsa kyakkyawa ce, yana son tsohuwa ta huta da yoyo, kuma gaskiya ne ɗakin ƙasa da aka yi sakaci da shi yana faɗa wa mutane da damina. Amma a cikin rushewar har da zauren da kakansa ya karantar da almajirai, wanda ba abin da ya same shi, wanda kuma da azahar ɗin watan Afrilu ya fi kowane ɗakin kwano sanyi ba tare da lantarki ba. Birkila ba ya ba da shawarar a bar shi, don ba ya cin kome a jikinsa. Maginin gargajiya ya tsufa, ɗansa ya koma acaba. Marina ta mutu, saboda haka ko katsin da za a haɗa laso ya yi wuya. Haka sana'a ke mutuwa, ba da doka ba, da odar da ake aikowa ta waya daga Agege. An ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma a wannan karon wanda ya bar gidan shi ke da ikon cewa a rushe ko a bari.

Abin da ake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba. In zai yi gini, ya gina ɗakunan kwana da bulo yadda yake so, ya bar zauren, ya nemo magini ya yi masa yaɓe, kuɗin bai kai na tayil ɗin banɗaki ɗaya ba. In kuwa rushewar ta zama tilas, to kafin a sa diga ya kira mai zane ya ba shi kwana uku. Ƙungiyoyin 'yan asalin Gombe da ke garuruwan Kudu, waɗanda ba su taɓa kasa tara kuɗin kai gawa gida ko na tarbar ɗan siyasa ba, suna iya ɗaukar nauyin ɗalibai biyar ko shida daga Zariya ko Maiduguri ko Gombe kanta, su yi mako biyu a Gombe Abba da iznin masu garin, a kawo abin da suka zana a baje a Ikko lokacin taron shekara, a yi gwanjo a gaban Sarkin Hausawa. Kashi ɗaya na masu zane, kashi ɗaya a damƙa wa dattawan garin da sharaɗin yaɓe da gyaran abin da ya saura. Sharaɗin nan shi ne ƙashin bayan maganar, don in aka tsaya a zane kawai an yi wa mara lafiya hoto ne an bar shi kwance.

Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, tana da ikon sa wuri cikin jerin abin da aka kare, Gwamnatin Jiha da majalisar Sarki kuma suna da nasu nauyin. Amma wanda ya ga halin da ganuwar Kano ke ciki, duk da tana cikin jerin, ya san allon sanarwa ba ya tare ruwan sama. Hukuma takan motsa ne in ta ga masu kuɗi da masu ƙuri'a sun damu da abu, kuma hanya mafi sauƙi da za ta gane sun damu ita ce Kwamishina ya shiga falon attajiri a Ikeja ya tarad da Gombe Abba a bango.

Lokacin aikin ma sananne ne. Masu zane su je tsakanin Disamba da Janairu, sa'ad da hazo ya sauka, kogin Gongola ya ja baya ya bar yashi. Fentin mai da aka yaɓa da kauri yana ɗaukar makonni kafin ya bushe a iya naɗe shi a kawo Kudu, watau gwanjo ya faɗo wajen Fabrairu ko Maris. Magina kuwa suna bukatar kuɗinsu a hannu kafin ƙarshen Afrilu, domin a ƙasar Dukku hadarin farko ba ya wuce watan Mayu ko farkon Yuni.